Fatar da ba a yanka dabba ba

A ƙasar Filifin, ganyen abarba da manoma ke ƙonewa bayan girbi ya koma jaka da takalmi. Carmen Hijosa, 'yar Sifaniya, ita ta ƙirƙiro Piñatex daga zaren ganyen. A Meksiko kuwa, tun 2019 ake yin Desserto da nopal, wani tsiro mai ƙaya da ba ya buƙatar ruwa sosai. Har kujeru ake lulluɓewa da shi.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi: ana haɗa su da roba don su yi ƙarko, shi ya sa ba sa ruɓewa gaba ɗaya.

Majema da dukawan Maraɗi, masu fatar jar akuya, abin ya shafe su, tunda masu sayen Turai ɗin nan ne ake zawarci.