Ko Kun Sani? Harsuna Biyu a Littafi Ɗaya

Littafin Jupyter, wanda shafi ne da ake rubuta umarnin kwamfuta a cikinsa gurbi bayan gurbi kuma a ga sakamakon kowane gurbi nan take, ya samo asali ne daga manhajar IPython da Fernando Pérez ya fara a 2001, kafin aikin Jupyter ya tsaya da ƙafarsa a 2014. Abin da masu koyo da yawa ba sa lura da shi shi ne, harsunan kwamfuta biyu ne, Python da JavaScript, ke aiki a wurare biyu daban. Idan ɗalibi a Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada ya buɗe littafin Jupyter a Google Colab, wato dandalin kamfanin Google a intanet, ana aiwatar da umarnin Python ɗinsa ne a kan manyan kwamfutocin kamfanin da ke nesa, amma idan ya fara gurbi da alamar %%javascript, to burauzarsa, wato manhajar da yake duba intanet da ita, ita ce za ta aiwatar da abin da ya rubuta a harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995.

Wannan rabuwa ce ta sa sunan da aka ajiye wa wata ƙima a Python ba ya bayyana kai tsaye a JavaScript, sai an miƙa shi da gangan. Saboda haɗarin da ke tattare da gudanar da umarnin wani a burauzar mai amfani kuma, Jupyter ba ya gudanar da JavaScript ɗin da ke cikin sakamakon littafin wani har sai mai amfani ya amince da littafin.