Ciwon daji: Jiha ɗaya, gundumomi 120, kowace da nata labarin

Idan hukumomin lafiya suka fitar da alƙaluman ciwon daji, yawanci na ƙasa baki ɗaya suke bayarwa, ko kuma na jiha-jiha. Sai a ji an ce jiha kaza ce a gaba, jiha kaza ce a baya. Amma cutar ba ta raba kanta daidai wa daida tsakanin mazauna jiha guda. Akan samu gari biyu da tafiyar sa'o'i biyu ce kawai a tsakaninsu, amma haɗarin kamuwa da wani nau'in ciwon daji a ɗaya ya kusa ninka na ɗayan.

Jihar Kentucky ta Amurka, wadda da yawa daga cikinmu suka san sunanta ta dalilin shagunan soyayyar kaza na KFC, na daga cikin wuraren da wannan bambanci ya fi fitowa fili. Jihar na da mutum kimanin miliyan 4.5, kuma an raba ta gida 120 da ake kira gundumomi, kwatankwacin ƙananan hukumominmu. Ta daɗe tana sahun gaba a Amurka wajen yawan masu kamuwa da ciwon daji. A duk mutum 100,000 na jihar, kimanin 500 ne ake gano suna da cutar a kowace shekara, alhali matsakaicin ƙasar yana wajen 450.

Yadda ake ƙirgawa

Kafin a iya kwatanta gunduma da gunduma, sai an samu wanda yake rubutawa. A 1990 majalisar dokokin Kentucky ta yi dokar da ta tabbatar da rajistar ciwon daji ta jihar, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Kentucky da ke birnin Lexington. Dokar ta wajabta wa asibitoci kai rahoton duk wanda aka gano yana da cutar: shekarunsa, nau'in ciwon, matakin da ya kai lokacin da aka gano shi, da kuma adireshin gidansa. Adireshin nan shi ne ginshiƙin aikin. Idan mai haƙar kwal daga ƙauyen gabashin jihar ya je Lexington aka yi masa gwaji, a gundumarsa ta asali ake lissafa shi, ba a birnin da asibitin yake ba.

Daga nan sai a mayar da adadin zuwa "mutum nawa cikin 100,000", domin a iya ɗora ƙaramar gunduma da babba a sikeli ɗaya. Sannan a daidaita shekarun haihuwa. Dalili kuwa shi ne ciwon daji ya fi kama manya, saboda haka gundumar da matasanta suka tafi birni neman aiki suka bar tsofaffi za ta nuna adadi mai yawa ko da babu wata matsala ta daban a wurin. Masana lissafi kan cire wannan tasiri ta hanyar ɗaukar cewa duk gundumomin suna da rabon yara, matasa da tsofaffi iri ɗaya.

Gabas da sauran jiha

Da aka zana alƙaluman a kan taswira, sai abu ɗaya ya riƙa maimaituwa shekara bayan shekara. Gundumomi 54 na gabashi da kudu maso gabashin jihar suna cikin yankin tsaunukan Appalachia, yankin haƙar kwal da ya daɗe yana fama da talauci. A nan ne launin taswirar ya fi duhu.

Ciwon dajin huhu ya fi nuna ratar. A Amurka baki ɗaya, ana samun ƙasa da mutum 60 cikin 100,000 a shekara. A Kentucky adadin ya haura 80. A wasu gundumomin gabas kuwa ya wuce 100. Haka nan sankarar hanji da sankarar bakin mahaifa sun fi yawa a yankin tsaunukan idan aka kwatanta da manyan birane irin su Louisville da Lexington.

Bambancin bai tsaya ga yawan masu kamuwa ba, ya kai har ga inda al'amarin ya dosa. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani bincike na cibiyar IHME ta Jami'ar Washington, wanda ya bi diddigin mace-macen ciwon daji a gundumomin Amurka fiye da 3,000 daga 1980 zuwa 2014. A ƙasar baki ɗaya mace-macen sun ragu da kashi 20 cikin 100, daga 240 zuwa 192 cikin mutum 100,000. Amma a gundumomi 160 ƙaruwa suka yi, kuma da dama daga cikin waɗanda ƙaruwar ta fi tsanani a gabashin Kentucky suke. Wato a daidai shekarun da ƙasar ke murnar samun sauƙi, wasu garuruwa ƙara nutsewa suke yi, matsakaicin ƙasa ya rufe su.

Me ya jawo ratar?

Babban dalili shi ne taba sigari. Kentucky jiha ce ta noman taba tun kaka da kakanni, iyalai da yawa da kuɗinta suka yi gidaje suka tura 'ya'ya makaranta. A wasu gundumomin gabas an kai lokacin da kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana shan taba. Ita kuwa taba ba ta nuna ɓarnarta nan take, takan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin ciwon huhu ya bayyana. Saboda haka taswirar ciwon huhu ta yau hoton yadda aka sha taba ne shekaru da dama da suka wuce.

Dokoki ma sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Jihar ba ta da doka guda da ta hana shan taba a dukkan wuraren aiki da gidajen abinci, an bar wa kowane gari ya yanke wa kansa. Lexington ce ta fara aiwatar da irin wannan doka a 2004, wasu garuruwa suka biyo baya, wasu kuma ba su yi ba. Ma'aikaciyar gidan abinci a gari ɗaya tana aiki cikin iska mai tsabta, takwararta a wata gunduma tana shaƙar hayaƙin wasu daga safe zuwa dare.

Akwai kuma iskar radon, wata iska marar launi marar wari da ke fitowa daga wasu duwatsu ta taru a cikin gidaje. Ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa ciwon dajin huhu a Amurka, kuma haɗarinta ya fi tsanani ga mai shan taba. Yawanta ya danganta da irin dutsen da ke ƙarƙashin gida, don haka ita ma ta bambanta daga yanki zuwa yanki.

Sai talauci da nisa. Gundumar Owsley, mai mutum wajen 4,000, tana cikin mafiya talauci a Amurka baki ɗaya. Daga wasu garuruwan tsaunukan, sai an yi tafiyar sa'o'i biyu zuwa uku a mota kafin a isa babbar cibiyar ciwon daji ta Markey da ke Lexington. Mutumin da ba shi da mota, ko wanda za a yanke masa albashin ranar da bai je aiki ba, yakan ɗage zuwa gwaji har sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Shi ya sa ake yawan gano cutar a makare a irin waɗannan wurare.

Inda alƙaluma ke yaudara

Duk da haka, ba kowane wuri mai duhu a taswira ne ke nufin akwai annoba ba. Masana na jan hankali kan abubuwa uku.

Na farko shi ne ƙarancin jama'a. Gundumar Jefferson, inda Louisville take, tana da mutum kusan 780,000. Gundumar Robertson kuwa ba ta wuce mutum 2,200 da ɗoriya ba. A misali, idan aka samu mutum biyu da wani nau'in ciwon daji a Robertson bana, baɗi aka samu huɗu, a takarda cutar ta ninka, alhali ƙila dacewa ce kawai. Wannan ne ya sa ake haɗa alƙaluman shekara biyar wuri ɗaya kafin a kwatanta gundumomi, kuma hukumomin tarayyar Amurka ba sa wallafa adadin da ya gaza mutum 16.

Na biyu shi ne yawan gwaji. Inda mata ke zuwa hoton mama a kai a kai, ko maza ke gwajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, za a gano cutar a jikin mutane da yawa, tun tana ƙarama. Sai adadin masu kamuwa ya hau, amma na masu mutuwa ya sauka. A wurin da ba a gwaji kuwa adadin kan yi ƙasa a takarda, ciwon na nan a ɓoye. An ga haka ƙarara a 2020, lokacin korona, sa'ad da adadin sababbin masu ciwon daji a Amurka ya faɗi da kusan kashi 10 cikin 100 saboda mutane sun daina zuwa asibiti. Don haka dole a duba alƙaluma biyu tare: masu kamuwa da masu rasuwa.

Na uku shi ne wani yanayi na musamman da wuri ke da shi. A binciken 2017 da aka ambata, gundumar da ta fi kowace yawan mace-macen ciwon daji a Amurka ita ce Union ta jihar Florida, da mutum 503 cikin 100,000. Da aka duba sai aka ga a can ne asibitin da ke kula da fursunonin jihar masu fama da manyan cututtuka yake.

Abin da taswira ta iya canzawa

Amfanin wannan ƙididdiga ya fito a kan sankarar hanji. A ƙarshen shekarun 1990 Kentucky ce ta 49 cikin jihohi 50 wajen yin gwajin hanji. Kimanin kashi ɗaya cikin uku kawai na waɗanda shekarunsu suka kai ne suka taɓa yi. Likitoci da ƙungiyoyin sa-kai da rajistar jihar suka haɗa kai, suka riƙa kai wa kowane yanki alƙalumansa na kansa. A 2008 majalisar jihar ta kafa shirin gwaji ga marasa inshorar lafiya, sannan a 2014 aka faɗaɗa inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi.

Cikin shekara kusan 15, masu yin gwajin suka ninka zuwa kimanin kashi biyu cikin uku, adadin masu kamuwa da sankarar hanji kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sirrin shi ne wannan gwaji, wanda ake leƙa cikin hanji da siririyar na'ura mai kyamara, yana ba likita damar cire ƙananan tsiro tun kafin su rikiɗe su zama sankara. Har yanzu gabashin jihar na bayan sauran sassa, amma an tabbatar da cewa launin taswira na iya sauyawa idan aka san inda za a nufa. Yanzu jihar ta ɗauki irin wannan salo a kan ciwon huhu, inda ake ɗaukar hoton ƙirji da na'urar CT ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka daɗe suna shan taba.

Ina muka kwana a Najeriya?

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 a Najeriya, mutum kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce a gaba, sai ta furostet da ta bakin mahaifa. Wannan ƙiyasi an gina shi ne a kan rajistocin wasu 'yan birane, irin su ta Ibadan da aka kafa tun 1960, da ta Abuja da ta Kalaba. Ƙasa ce mai ƙananan hukumomi 774, jihar Kano kaɗai tana da 44. Idan har jiha mai mutum miliyan 4.5 ta ƙunshi bambanci irin wanda aka gani a Kentucky, babu dalilin ɗaukar cewa adadi ɗaya zai wakilci mazaunin tsakiyar Legas da na ƙauyen da babu likita.

Kafin a kai ga samun irin wannan taswira, akwai abin da kowane gida zai iya yi, domin rigakafi ya fi magani. Tun watan Oktoban 2023 gwamnati ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa, cikin alluran da ake yi kyauta, inda aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai da zarar an haife su tana kare su daga sankarar hanta idan sun girma. Mai shan taba da ya daina yau, haɗarinsa zai riƙa raguwa shekara bayan shekara, ya kuma kuɓutar da iyalinsa daga hayaƙin.

Uwargida da ta ji ƙullutu a mama, ko ta ga jini bayan ta daina al'ada, da maigida da ya ga jini a bayan gida ko tari ya ƙi ƙarewa har mako uku, kada su tsaya jiran ciwo ya kwantar da su. Idan an je asibiti kuma, a ba da cikakken adireshi na gaskiya, da sunan unguwa da ƙaramar hukuma. Da irin waɗannan bayanai ne ake gane yankin da ya fi buƙatar likita da na'urar gwaji.