Yadda Muryar Rediyo Take Isowa Shinkafi

Idan yaro ya jefa dutse cikin tafki, ruwan yakan yi zobe. Zoben ya yi ta faɗi, wani na bin wani, har su kai bakin gaɓa. Wannan ita ce igiyar ruwa. In akwai ɗan kara a kan ruwan, zai ɗaga sama ya dawo ƙasa, amma yana nan inda yake. Ashe ba ruwan ne yake tafiya ba, motsin ne kawai.

Haka muryar rediyo take tafiya. A tasha akwai dogon ƙarfe. Wutar lantarki tana kai da komo a cikinsa da sauri ƙwarai. Wannan motsi shi ke haifar da igiya, ta bazu ko'ina. Ido ba ya ganinta, kuma ba ta bukatar ruwa ko iska. Tana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Da ta taɓa eriya, sai akwatin rediyo ya mayar da ita magana. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ne ya tabbatar da akwai ta, wajen 1887.

A tafki, akwai tazara tsakanin zobe da zobe. Igiyar rediyo ma haka. Idan aka ce "mita 49 a gajeren zango", tazarar nan ake nufi.

Can sama, nesa da gajimare, akwai wani shimfiɗi na iska. Igiyar gajeren zango takan buge shi ta dawo ƙasa, kamar yadda igiyar ruwa take bugun gaɓa ta juyo. Ta haka ne Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya shiga ƙauyuka masu nisa. Matsakaicin zango kuwa ya fi nisa da dare, domin da rana sararin sama yana shanye shi. Igiyar FM da ta wayar salula ba sa dawowa daga sama. Su sai da ƙarfe a kusa.

An ga wannan bambanci a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Wayoyi sun yi shiru a Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda. Amma tashoshin nesa ba su daina shigowa akwatin rediyo ba.

Me ya sa murya takan ɗaga, ta kuma dushe? A jefa duwatsu biyu a tafki a duba. Inda zobba suka haɗu, wani wuri su ƙara tsawo, wani wuri su kashe juna. Igiyar tasha ɗaya ma takan iso ta hanya biyu, ta yi haka. Ƙarar da ake ji da damina kuma, walƙiya ce take jefa tata igiyar. Duk wannan ba lalacewar akwati ba ne, kada a ɓata kuɗi wajen mai gyara.

Abin yi shi ne a zaro eriya duka, a juya akwatin har murya ta fito. In an ɗaura waya a kan itace don ƙarin ƙarfi, a cire ta daga akwatin da zarar hadari ya taso, domin tsawa tana iya biyo ta. Rigakafi ya fi magani.