Mayen Ƙarfe a Mafitsarar Yaro: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A unguwanninmu na Tarauni irin su Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, da zarar yaro ya fara fitsarin jini sai a ce tsargiya ce, in kuma zafi yake ji a ce sanyi ne, a nufi kyamis. Sau da yawa zaton kan zama gaskiya, musamman ga yaran da ke wanka a kududdufi. Sai dai akwai wani sanadin da iyaye ba su cika kawowa a rai ba, wato yaro ya cusa wani abu ta hanyar fitsarinsa. Daga cikin mafiya hatsari akwai ƙananan ƙwallayen mayen ƙarfe.

Waɗannan ƙwallaye, masu faɗin kusan milimita 5, ana yin su da sinadarin neodiyam, kuma ƙarfinsu ya ninka na maganaɗisun da muka sani a cikin tsohuwar rediyo. Ana sayar da su a matsayin kayan wasa, ana kuma samun irinsu a maɓallan hijabi da na jakunkuna. A shekarar 2012 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ta kai ƙarar kamfanin da ke sayar da samfurin Buckyballs, saboda yaran da ke haɗiye su. Likitoci a ƙasar Sin kuwa sun sha ciro su daga mafitsarar yara maza, akasarinsu 'yan dab da balaga, waɗanda ƙuruciya da son gwaji suka ja.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwallayen kan jeru kamar carbi, su zarce ciki ɗaya na jan ɗaya. Da sun isa mafitsara sai su dunƙule wuri guda, fitsari ba zai iya turo su waje ba. Daga nan sai zafin fitsari, da jini, da ciwon mara, da yawan zagayawa, wani lokaci fitsarin ya tsaya cak. Idan aka daɗe, ƙwayoyin cuta su samu mazauni, tsakuwa ta taru a jikinsu, cutar ma tana iya haurawa zuwa ƙoda.

A asibiti, hoton eksire kan nuna su sarai, a ƙara da sikanin. Amma na'urar MRI babban maganaɗisu ce, tana iya fisgar su ta yi ɓarna, don haka wajibi ne likita ya san gaskiya tun farko. Wajen cirewa, ana sa yaro barci, a zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari, a riƙa tsamo su. In sun yi yawa ko sun ƙi rabuwa, sai a ɗan tsaga ƙasan mara a kwashe su. Bayan nan akan sa robar fitsari na 'yan kwanaki, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake hoto don tabbatar da babu saura.

Babbar matsalar ita ce kunya da tsoron duka, waɗanda kan sa yaro ya yi shiru makonni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uba ko yayansa ya keɓe da shi, ya tambaye shi cikin lalama. Kada a matsa gabansa, kada a gwada jawo su da wani maganaɗisun, kada a ɗura masa jiƙo. In kuwa haɗiyewa ya yi, guda biyu ma suna iya manne hanji su huda shi.

Mutanen Tarauni ba su da uzurin nisa, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya. Iyaye, ku raba yara da waɗannan ƙwallaye, kuma duk fitsarin jini a kai shi gaban likita kafin a sa masa suna. Allah Ya kare mana zuri'a.