Kama da wane ba wane ba ne: gwajin DNA da zumuncin tsuntsaye da namun daji

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, domin waɗanda ba su samu kama tashar ba.

Yawancinmu mun san gwajin DNA ne a wajen rigimar uba da ɗa, ko ta rabon gado. To, irin wannan gwajin ne masana ke yi wa tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, don su gano wa ke dangi da wa, da lokacin da zuriyarsu ta rabu. Abin da ya fito kuwa ya nuna ido ya daɗe yana yaudarar mutane.

Yaya ake yi? A cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai akwai wani dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Shi ne DNA. Iyaye kan kwafe shi su miƙa wa 'ya'ya, kuma a wajen kwafar nan, jefi-jefi harafi ɗaya kan canja. Ku ɗauki misalin ɗalibai masu kwafar littafi da hannu. In ɗaya ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga wajensa zai gaji wannan tsallaken. Bayan shekara ɗari, in aka tara kwafe-kwafen, kurakuran da suka yi tarayya a kai su ne za su faɗi wanne ya fito daga hannun wa. Haka masana ke jera rubutun dabbobi biyu a kwamfuta su ƙirga inda suka saɓa. In bambancin kaɗan ne, rabuwar ta kusa ce. In yana da yawa, an daɗe da rabuwa. Don sa wa abin shekaru, sai su gwada da tsofaffin ƙasusuwan da suka zama dutse, waɗanda aka riga aka auna shekarunsu. Ba sai an kashe dabba ba: gashin tsuntsu, kashin giwa ko 'yar fata kaɗan sun isa.

Mu fara da tsuntsaye. A shekarar 2014 masana daga ƙasashe da dama suka fitar da sakamakon karanta DNA ɗin tsuntsaye iri 48 gaba ɗaya, a 2024 kuma aka faɗaɗa aikin ya kai iri 363. Binciken ya tabbatar da cewa reshen jimina da danginta ne ya fara warewa. Sai reshen da ya haɗa kaza, zabo da agwagwa. Sauran tsuntsaye kuwa, yawancin rassansu sun bazu ne cikin sauri bayan shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo duniya, manyan dabbobin nan da ake kira dainoso suka ƙare, fili ya buɗe.

Ga inda mamakin yake. Shahon nan da Larabawa ke farauta da shi, kowa zai ce ɗan'uwan shirwa da gaggafa ne: baki lanƙwasasshe, farata masu kaifi, cin nama. Tun 2008 gwaji ya nuna ya fi kusa da aku da ƙananan tsuntsaye masu waƙa irin su kanari. Me ya kawo kamar? Sana'a ɗaya ce. Maƙerin Damagaram da maƙerin Kano duk hannunsu ya yi kanta, amma wannan bai sa sun haɗa kaka ba.

A ɓangaren dabbobi masu shayarwa ma haka abin yake. Dorinar da ke kogin Kwara, a da ana jera ta ne kusa da alade, saboda fasalin haƙoranta. DNA ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye yau, mafi kusanci da ita su ne ƙattin dabbobin teku da ake kira wel, waɗanda mutane ke ɗauka kifaye ne alhali shayarwa suke yi. Zuriyarsu ta rabu fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce.

Sai giwa. Danginta na kusa sun haɗa da ayu, wanda masunta suka sani a Kwara da Binuwai, da rema, wadda wasu ke kira agwada, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu da girmanta bai wuce na zomo ba. Masu nazarin ƙasusuwa sun daɗe suna zaton haka, gwajin ya zo ya tabbatar, ya kuma ƙara da dabgi a cikin wannan zuriya. A 1998 aka raɗa wa gidan gaba ɗaya suna Afrotheria, wato dabbobin da tushensu yake a Afirka.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu da kakannin dorina? Amsar tana garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa ke kiwo a tsakanin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kawai suka rage. A lokacin ana ganin ko da sun ƙare akwai irinsu a Chadi da arewacin Kamaru, da kuma gidajen ajiye namun daji na Turai. A 2007 gwajin DNA ya rushe wannan zato: waɗancan duk wani iri ne daban, na Kordofan. Wato raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ba shi da sauran gida a duniya in ba Nijar ba. Sanin haka ya ƙara wa aikin kare su nauyi. Da haɗin kan hukuma da mutanen ƙauyuka, yawansu ya haura 600, kuma a 2018 aka ɗauki guda 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Zakinmu ma labarinsa ya yi kama da wannan. Gwaji ya nuna zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya fiye da na Afirka ta Kudu. Wani ƙidaya da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta kusan 400 ne suka rage, mafi yawansu a dajin da ya haɗa gandunan W, Arli da Penjari, tsakanin Nijar, Burkina Faso da Benin. In waɗannan suka ƙare, ɗauko zaki daga kudancin nahiya ba zai mayar da abin da aka rasa ba. Giwar Afirka kuwa, da ake ɗauka iri ɗaya ce, tun 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta fara lissafa ta iri biyu, ta sarari da ta kurmi, kowacce da nata matakin haɗari.

Kun ga ke nan, kuɗin kare namun daji ba su da yawa, kuma wannan gwajin yana cikin abubuwan da ke nuna inda ya kamata a fara sa su. Dabbobin nan ba su san iyaka ba, don haka tsaronsu ya rataya a wuyan manoma, makiyaya da mafarauta na kowane ɓangare.

Muna jiran tambayoyinku da sunayen da kuke kiran waɗannan dabbobi a yankunanku. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.