Birnin Ƙonni na ƙara girma: abin da ya kamata ku sani

A ƙidayar 1988 mutanen garin Birnin Ƙonni sun kai kimanin dubu 29. A 2001 sun kusa dubu 45, a ƙidayar 2012 kuma suka haura dubu 63. Ke nan cikin shekara 24 garin ya ninka har da ɗoriya. Wannan lissafin cikin gari ne kawai, ban da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ƙonni ba ta kai Maraɗi ko Tawa ba, amma ta wuce a kira ta ƙaramin gari, kuma abin da ke ciyar da ita da abin da ke yi mata barazana sun cancanci kowa ya san su.

Daga ina mutanen suke fitowa?

Na farko dai haihuwa ce. Ƙidayar 2012 ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, abin da ke nufin jama'a na ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. Na biyu ci-rani. Saurayi daga Alela, Bazaga ko ƙauyukan Illela ta Adar yakan gama girbi ya shigo gari neman na kashewa, ya kama kabu-kabu ko dako a tasha. Shekara ta farko yana komawa gona da faɗuwar ruwa, ta uku sai ka ji ya kama ɗakin haya ya ɗauko iyali. Akwai kuma ma'aikatan gwamnati da ake turowa, da ƴan kasuwar da iyaka ta jawo, da waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan bakin iyaka.

Ba yau Ƙonni ta fara tara baƙi ba. A ƙasarta kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka sauka da suka taso daga Futa Toro, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haife shi a 1754. Garin ya ga wuta a watan Mayu na 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka masa ta kashe jama'a masu yawa. Ya sake tashi ne saboda wurin da Allah ya ajiye shi.

Me garin yake ci?

Hanya da iyaka. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa Ƙonni. A Tsarnawa, gabas kaɗan, hanyar Tawa da Agadas ta balle ta yi arewa. Ta kudu kuma ƴan kilomitoci ne tsakanin garin da Illela ta jihar Sakkwato, birnin Sakkwato kansa bai cika kilomita 100 ba. Duk motar da ta tsaya a nan sai ta bar wani abu: kuɗin duwan, kuɗin masauki, na mai faci, na mai shayi, na mai tsire.

Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci, ranar Lahadi ta Illela, kuma kusan mutane ɗaya ne ke cin su duka biyun. Dabbobi da wake da albasa suna yin kudu, kayan masana'antu suna yin arewa. A bakin tasha ɗan canji na zaune da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya, wayarsa a kan cinya, don farashin da ya faɗa maka da safe ba lallai ya kai la'asar ba. A 2014 jika guda ta sefa ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Mai sayen kaya a Illela ya ji daɗin haka. Wanda ya kai rago can aka biya shi da naira, shi ya san yadda ya kwana.

Idan aka rufe iyaka fa?

An gani har sau biyu cikin shekara biyar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, sai a Disamba na 2020 ta buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe ƙofar, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. A duka lokutan manyan motoci sun yi jerin gwano, kayan gwari sun lalace, abinci ya yi tsada, ɓarauniyar hanya ta samu kasuwa.

Haka ma man fetur. Shekara da shekaru kwalaben ruwa-ruwa da ke jere a kan teburan bakin hanya suna ciyar da gidaje masu yawa, domin man Najeriya mai tallafi ya fi na gidan mai araha. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, ribar ta zube cikin ƴan kwanaki. Ba a shawarci kowa a Ƙonni ba, kuma ba za a shawarce shi ba a gaba. Arzikin iyaka yana da sauri, amma linzaminsa na hannun Abuja da Yamai.

Abin da ke hannun gari: ruwan Majiya

Kwarin Majiya ya gangaro daga tsaunukan Adar, ya bi ta ƙasar Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. A kansa aka yi madatsun Mozage da Zango. Daga can ruwa ke bin babbar magudana zuwa matattarar Cerasa, sannan a rarraba shi cikin filin noman rani da ya kusa kadada 2,500. An shimfiɗa filin kashi biyu, a 1976 da 1982, kuma hukumar noman rani ta ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Da damina ana shuka dawa da masara, da rani alkama, albasa, kabeji da zogale.

Ciwon filin shi ne yashi. Duk ruwan da ya faɗi a tudun da aka sare itatuwansa yana kwaso ƙasa ya zuba a madatsa, cikinta ya ƙara cikewa, ruwan da take riƙewa ya ragu. Shi ya sa da rani ba duka filin ke samun ban-ruwa ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016 an gyara magudanun filin. Gyaran magudana kuwa ba ya hana zaizaya a sama. Wannan aikin dashen itace ne da jera duwatsu a gonakin tudu, kuma na shekaru ne.

Malbaza da Galmi

Ƙonni ba ita kaɗai ke girma ba. Malbaza, wadda aka yanke daga Ƙonni ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana da masana'antar siminti tun shekarun 1960, kuma an gina sabuwa mai iya fitar da tan 650,000 a shekara. A can aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a watan Nuwamba na 2018. Galmi kuwa albasarta ce ta yi mata suna har Abijan da Akara, ga asibitin mishan da ke aiki tun 1950. Manomin da ya iya adana albasarsa a rudu har kaka ta wuce shi ke samun farashi. Wanda bashi ya matsa wa yakan sayar a bakin gona. Kuɗin siminti da na albasa da yawa a Ƙonni suke komawa bulo da kwano.

Inda gizo ke saƙa

Gidajen nan kuwa a kan gona ake gina su. Ta kudu iyaka ta tare garin, ta wasu sassan filin noman rani ya kewaye shi, don haka kowane sabon rabon filaye sai ya ci gonar wani. Mai gona ya karɓi kuɗi a dunƙule, shekara biyu sun ƙare, ƴaƴansa ba gona ba sana'a. Unguwa kuma takan riga famfo da wuta da makaranta isa wurin, sai mai gida ya koma sayen ruwan jarka, wanda ya fi na famfo tsada. Idan aka gina a kan hanyar ruwa, ko shara ta toshe lambatu, watan Agusta ne zai faɗi gaskiya.

Kafin ka sayi fili

Ka je ka gan shi da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tambayi dattawan wurin ta ina kwari yake bi. Idan filin cikin rabon gari yake, ka kai lambarsa ma'aikatar magajin gari a duba rajista, ka tabbatar sunan da ke kan takardar mallaka shi ne na mai sayarwa. Idan gona ce, dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma, kuma su ke ba da takardar shaidar ciniki. Gonar gado kada ka biya sai duk magada sun amince a gaban shaidu da mai gari. Wanda ya zo maka da tayin wuri a cikin filin noman rani, ka fara zuwa ofishin ONAHA kafin ka zaro ko dala, domin wannan fili ne da gwamnati ta shimfiɗa don noma.

Mai sayar da gona shi ma yana da lissafin da zai yi: kuɗin da aka miƙa masa yau, shekara nawa na hatsin gidansa za su saya a farashin kasuwar Laraba? In amsar ba ta kai shekarun da ƙaramin ɗansa zai yi kafin ya tsaya da ƙafarsa ba, gara ya yanki gefe ya sayar, ya riƙe sauran.