Ba Kibod Ne Ya Mutu Ba: Ciwon Shagunan Kwamfuta a Funtuwa da Malumfashi

Da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa WAEC da NECO za su koma jarabawa ta kwamfuta, an yi ta maganar intanet da wutar lantarki. Ba wanda ya tsaya kan kibod, alhali JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta tsara jarabawarta yadda ɗalibi zai amsa da A, B, C, D, ya wuce gaba da N, ya dawo baya da P, ya miƙa aikinsa da S. Yaron da ya baro gona daga Bakori ko Kafur ya biya kuɗin awa ɗaya a shagon kwamfuta don ya saba da waɗannan maɓallai, in kwamfuta ta ƙi ganin kibod, kuɗinsa da ranarsa sun tafi.

Mai shago yakan ce kibod ya mutu, ya aika a sayo sabo. Sau da yawa sabon ma shiru.

Babban laifin na tsohuwar manhaja ne. Kwamfutocin da ake sarowa na hannu daga Kano, a Farm Centre ko Titin Beirut, wasunsu an ɗora musu Windows 7 saboda ba ta da nauyi kuma masu gyara sun saba da ita. Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, kuma tun asali ba ta zo da direban USB 3.0 ba. USB 3.0 shi ne ramin da cikinsa shuɗi ne. A soka kibod a nan, ko ɗan hasken Num Lock ba zai kama ba; a cire a mayar baƙin rami na baya, sai ya tashi. A injunan da aka ƙera daga 2015 zuwa sama abin ya fi muni, domin duk ramukan kan yi shiru sai an sa direban. Mai gyara da ya san aikinsa yakan fara shiga BIOS: in maɓallai suna aiki a can, kibod lafiya lau yake, matsalar tana cikin Windows. Gwajin minti biyu ne, amma kaɗan ke yin sa kafin su yanke wa kibod hukunci.

Masu ɗora laifi kan ƙura suna da 'yar hujja. Hunturu da kakar auduga da sussukar masara suna cika rami da datti, busasshiyar iska kuma na haifar da tartsatsin da kan ƙona rami, haka ma janareta mai hawa da sauka. Sai dai ƙura ba ta zaɓar shuɗin rami ta bar baƙi.

Asarar tana tafiya biyu. Mai shago yana tara kibod masu rai a kwali yana sayen sababbi, ɗalibi kuma yana zuwa cibiyar jarabawa hannunsa bai saba da maɓallai ba. Tunda Windows 10 ma an daina tallafa mata a Oktoban 2025, wanda ya bar Windows 7 yanzu ya koma Windows 10 zai tarar ita ma ta tsufa.